Tsamiyar da shamuwa ta dawo ta tarar babu rassanta

Duk wanda ya tashi a ƙasar Sakkwato ya san cewa da zarar shamuwa ta sauka, manomi zai fara gyaran kalme da neman iri, ko da kuwa zafin bazara bai saki gari ba. Ni kuma a irin wannan lokaci nakan ɗauki littafi da fensir in nufi wani ƙauye da ke bakin Gulbin Rima, ta hanyar Wamakko, inda wata tsohuwar tsamiya take ɗauke da sheƙunansu, in rubuta ranar isowarsu, in kuma zana su.

Zanen ne ya koya mini kallo. Daga nesa tsuntsuwa ce baƙa mai farin ciki, amma idan hantsi ya dake ta sai bayanta ya riƙa ƙyalli irin na rawanin da aka rina da baba aka buga, fuskarta shuɗiya, da ɗan ja a gaban ido. Ƙafafunta sun daɗe suna ruɗa ni, domin da safe toka-toka ne masu jan gwiwa, da rana kuma sai in gan su fari fat, har na gano cewa kashinta take saki a kansu don ta sami sanyi idan ya bushe. Malaman kimiyya na Turai ba su rubuta bayaninta ba sai a 1823, alhali kakanninmu sun daɗe suna auna damina da ita.

Abin da har yanzu yake ci mini rai ya faru ne da rani. Wajen watan Oktoba shamuwa takan tashi ta yi kudu, har ƙasashe irin su Zambiya da Zimbabuwe, ta bar sheƙa babu kowa, kuma a wannan tsakanin aka sayar wa masu itacen girki manyan rassan tsamiyar. Da na koma sai na tarar da kututture da sawun gatari, ƙiraren sheƙa a warwatse awaki suna tattakawa. Na tambayi dattijon da yake da gonar, ya ce mini: “Malam, ai ba kowa bisa iccen, sun tafi tun kaka.” Na ce: “Baba, ai gida ne suka rufe, za su dawo.” Ya yi shiru, domin shi ma ya san da kansu suke kama masa fara da tsutsa a gona, kuma da suna nan ba zai bari yaro ya jefe su ba, balle a kai musu gatari.

Wannan shi ne ya fi ba ni mamaki. Mutanen da suke kare tsuntsuwar da gaske, su ne ba sa ganin laifin sare wurin zamanta idan ba ta nan, alhali shamuwa sheƙarta ta bara take komawa ta gyara, ta yi ƙwai biyu ko uku, ta kwanta a kansu kusan wata guda. Da suka dawo na gan su suna shawagi a kan kututturen, daga baya suka watse, littafina kuma na wannan shekarar ya tashi babu zanen ɗan tsako ko ɗaya.

Saboda haka duk mai son bin tsuntsaye masu ƙaura, ya san mai itacen kamar yadda ya san tsuntsun, kuma ya je da rani, lokacin da buƙatar kuɗi take kai mutum ga gatari. Yanzu kafin hunturu ya shiga nakan zaga wurin mai gari da masu gonakin da sauran sheƙu suke, in nuna musu zanen itatuwansu da tsuntsayen a kai, mu yi magana a kan reshen da za a iya sarewa da wanda za a bari. Dattijon nan da kansa yake raka ni, kuma shi ne ya nuna mini wata kuka a bayan gari da wasu daga cikinsu suka koma.