Wasiƙa daga Niyok: Rawar Harlem da masu cin guminta

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina nan lafiya, da fatan na same ku haka. Tun da aka ji cewa ina ɗinka wa 'yan rawa tufafi a wani gidan wasa a nan birnin Niyok, ake ta aiko mini da tambayar wace irin rawa ce har mutum zai yanki tikiti ya zauna yana kallo. Masu tambayar sanyi da kuɗin haya kuwa, dukansu biyu suna gasa mana aya a hannu, amma ba su ne suka fi damuna ba.

Akwai wata rawa da ake kira vogue, wadda ta tashi a unguwar Harlem ta nan Niyok a tsakanin baƙar fata da 'yan asalin Latin Amurka masu neman jinsinsu da masu sauya jinsi. Na san yadda ake kallon wannan al'amari a gida, sai dai ba za a iya ba da tarihin rawar a cire masu ita ba. Da yawansu yara ne da iyayensu suka kora, suka haɗu a ƙungiyoyin da suke kira gidaje, irin su LaBeija da Xtravaganza, kowane gida da uwarsa mai ciyarwa da tsawatarwa. Idan mai rawar ya fito, zai riƙa zagaya fuskarsa da tafukan hannu cikin sauri, ya tsaya cak tamkar ana ɗaukarsa hoto, sannan ya faɗi ta baya a kan ƙafa ɗaya a lanƙwashe daidai da bugun kiɗa, ɗaki ya ruɗe da ihu.

A 1990 mawaƙiya Madonna ta fitar da waƙarta mai sunan rawar, da taimakon matasa biyu na gidan Xtravaganza, duniya ta ɗauka, kuɗi suka shigo, alhali a lokacin cutar kanjamau tana ta ɗauke 'yan waɗannan gidaje. Willi Ninja, gwanin da ya yi fice a rawar, cutar ce ta zama ajalinsa a 2006. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wannan takaicin ne wani mai tsara rawa, Trajal Harrell, ya kai dandamali tun daga 2009, inda ya gina jerin raye-raye a kan tambaya guda: me zai faru da a ce a 1963 ɗan rawar Harlem ya gangaro cocin Judson da ke nan Niyok, inda yawanci fararen fata ke ƙirƙirar rawar zamani?

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne takardu. Dokar haƙƙin mallaka ta Amurka ta 1976 tana kare tsararriyar rawa, amma da sharaɗin an adana ta a rubuce ko a bidiyo, kuma ofishin rajista ba ya karɓar gajerun taku ko rawar da jama'a ke yi a taro. Ke nan kamfanin da ke da lauya zai iya kwasar salon unguwa, ya tsara shi, ya cike fom, ya biya kuɗi, tsarin ya zama nasa, yayin da waɗanda suka ƙirƙiri takun a ɗakin haya ba su da ko layi ɗaya a takarda. Shi ya sa a 2021 baƙar fata masu ƙirƙirar rawa a TikTok suka yi yajin aiki, saboda an daɗe ana kwaikwayonsu ba a ambaton sunansu.

Aro ba laifi ba ne, mu ma finafinanmu na Kano sun aro daga Indiya. Roƙona ga matasanmu masu ɗaukar 'yan koroso da makaɗan kalangu a waya shi ne su tambayi sunan ƙungiyar da garinta, su rubuta a ƙarƙashin bidiyon, idan kuma an samu wani abu a kai musu rabonsu hannu da hannu. A gaida mini iyaye da malamai.

Naku a kullum,
ɗan'uwanku a Niyok