Gwanda Iri Uku a Lambun Kawu

Da asuba na bar Agege, kafin cunkoso ya kama hanya. Danfo ta sauke ni a Iyana Ipaja, wata ta bi da ni ta Igando har Iyana Iba, kusa da Jami'ar Jihar Legas da ke Ojo. A wannan yanki Kawuna yake noman lambu tare da wasu 'yan Arewa, a wani dausayi da ruwa ba ya yanke masa: alayyafo, latas, da ganyen ugu da mata ke zuwa sara tun da duku-duku.

Bayan mun gaisa ya tambayi mutanen gida, sai ya ɗauki adda muka nufi wata doguwar gwanda.

"Wannan namiji ne, ɗana. Sai fure, ba 'ya'ya, sai cin taki."

Na ce, "Kawu, don Allah dakata in gani tukuna."

Furanninta ƙanana ne birjik, suna reto a dogayen sanduna. Kusa da ita ga mace, furenta babba manne da jikin itace, 'ya'yanta a dunƙule. Can gaba kuma ga wadda Kawu ya fi ji da ita, mata-maza, mai dogayen 'ya'ya masu kaurin tsoka. Ilimin halittu nake koyarwa a sakandare, amma ganin ukun nan a jere ya ratsa ni fiye da duk zanen da na taɓa yi a allo.

Yawancin tsirrai masu fure mata-maza ne, fure ɗaya na ɗauke da ƙurar namiji da mahaifar iri. Waɗanda suka rabu namiji daban mace daban kusan kashi 6 ne kawai cikin 100, kuma namu na gida na ciki: dabino, giginya, goruba, kanya. A 1978 masana ilimin gado Brian da Deborah Charlesworth suka bayyana yadda rabuwar ke iya faruwa. Da farko wani canji a ƙwayar gado yakan hana tsiro yin ƙurar namiji, ya zama mace zalla. Wannan riba ce gare ta, domin 'ya'yanta sun tsira daga raunin da barbarar kai ke jawowa. Daga baya wani canjin ya danne ɓangaren mace a sauran, su zama maza. Idan ƙwayoyin gadon biyu suna maƙwabtaka a kuromosom guda, wato zaren da ƙwayoyin gado ke jere a kansa, aka daina musayar gado a wurin, to an kama hanyar samun X da Y, kuromosom biyun da ke bambanta mace da namiji.

Gwanda ta bi ta nan, sannan ta ɗan yi kwana. Macenta XX ce, namiji XY. Mata-mazan kuwa ita ma tana da X da Y, amma nata Y ɗin daga na namiji ya fito, kuma masana sun ƙiyasta shekara 4,000 ke nan, a yankin Amurka ta Tsakiya inda aka fara noma ta. Na faɗa wa Kawu cewa irin mata-maza da ta barbari kanta yakan ba da biyu mata-maza, ɗaya mace a cikin kowane uku, babu namiji, domin ƙwayar da ta gaji Y biyu ba ta rayuwa. Ya gyaɗa kai ya ce shi ya sa yake zuba iri uku ko huɗu a rami, sai sun yi fure ya zaɓa.

Muka ratsa kunyoyin ugu. Shi ma maza da mata ne, Kawu kuma yana gane macen da faɗin ganye da kaurin jijiya. Wannan ne ya fi ba ni sha'awa, domin kusan dukkan ƙwayoyin gadonsu iri ɗaya ne. Bambancin yana ga waɗanda ke aiki da ƙarfi a jikin mace, da waɗanda ke aiki da ƙarfi a jikin namiji. Manomi na ganin sakamakon da idonsa, kuma ina ganin ya cancanci a kawo masa bayanin da harshensa.

Da muka zauna shan fura, ya ba ni labarin masu dabino na Dutse da ke hawa su ɗaura furen namiji a jikin na mace. Gwandar nan dai bai sare ta ba, don matan da ke kewaye da ita suna buƙatar ƙurarta. Bayan azahar ya cika min leda da ugu, na tsallaka titi na shiga motar Mile 2.