Darasin da wani shago mai "& Sons" ya koya mini kan XML

Aikin da aka ba ni a watana na uku a kamfanin bai yi kama da abin da zai hana mutum barci ba. Muna da shafin da 'yan kasuwa ke saka kayansu, sai wani abokin hulɗa ya nemi ya riƙa ɗaukar jerin kayan kowace safiya a tsarin XML, wato tsarin rubuta bayanai cikin alamomi don wata manhaja ta iya karantawa. Ba fayil ne da ake rubutawa sau ɗaya a ajiye ba. Duk lokacin da manhajarsu ta ƙwanƙwasa adireshin, sabarmu, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafin, ita ce za ta leƙa rumbun bayanai, ta kwaso kayan, ta ƙera takardar nan take ta miƙa. Da yaren shirya manhaja na PHP muke aiki. Na dubi abin na ce kafin la'asar na gama.

Na kuwa gama. Na buɗe tag, wato alamar da ke kewaye bayani, na liƙa sunan kaya, na rufe tag, na sa abin ya yi ta zagayawa har kaya su ƙare, kamar yadda na saba jona rubutun HTML, yaren gina shafukan intanet, tun ina makaranta. Na gwada da kaya goma da ni kaina na rubuta, "Kaya 1", "Kaya 2", har zuwa goma. Komai lafiya lau.

Kwana tara yana tafiya. A na goma aka kira tun da sassafe, wai ko kaya ɗaya bai shigo musu ba. Na buɗe adireshin a burauza, sai ga jan akwati da saƙon "xmlParseEntityRef: no name", da lambar layin da abin ya tsaya. Na gangara layin. Ashe cikin dare wani ɗan kasuwa ya yi rajista, sunan shagonsa kuma ya ƙare da "& Sons", irin wanda ake gani a allunan shaguna daga Kantin Kwari har Sabon Gari. Alama ɗaya ta kifar da kayan kowa.

Abin da ban gane ba a lokacin shi ne HTML ya sangarta ni. Ka manta rufe tag, burauza za ta yi maka gyara ta nuna shafin kamar ba a yi komai ba. XML ba haka aka gina shi ba. Tun ƙa'idar farko da W3C, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin yanar gizo, ta fitar a 1998 aka rubuta cewa idan manhaja mai karantawa ta ci karo da takarda mai karyayyen tsari, kada ta ci gaba da miƙa abin da ke ciki kamar lafiya. Alamar & kuwa a wurinsa farkon wani suna ne na musamman, kuma guda biyar kaɗai ya sani tun asali: &amp; da &lt; da &gt; da &quot; da &apos;. Ogana ya leƙo ta kafaɗata ya karanta saƙon, ya ce, "Malam, XML ba kakarka ba ce da za ta rufa maka asiri."

Gyarana na farko na ragwanci ne. Na sa a sauya kowace & da &amp; kafin a liƙa. Kwana biyu sai ga wasu sunaye suna fitowa da &amp;amp; don dama an riga an sauya su tun wajen ajiya. Na toshe wannan, sai &nbsp; ta ɓullo daga bayanan da aka kwafo daga wasu shafuka, ita kuma ta HTML ce, XML bai san ta ba. Na toshe, sai sunan wata mai shago da ke da apostirofi a tsakiya, irin na Sa'adatu ko Mu'azu, ya rufe mini wani bayani da na kewaye da waƙafi guda-guda tun bai kai ƙarshe ba. A nan Oga ya ce in daina ɗinkin faci, in bar wa DOMDocument, kayan aikin PHP na gina XML, aikin. Ko shi ma da tarkonsa: idan ka ba umarninsa na createElement rubutun kai tsaye, ba ya kare maka &, haka addChild na SimpleXML, wani kayan aikin PHP ɗin. Sai ka bi ta createTextNode sannan hankali ya kwanta. Na ɗan yi kwaɗayin zuba komai cikin CDATA, sashen da XML ke ɗaukar rubutu yadda yake har sai ya ga alamar rufe shi, in huta, amma duk ranar da wani ya rubuta ]]> a bayanin kayansa, wadda ita ce alamar rufewar, an koma gidan jiya.

Wanda ya fi ba ni wuya shi ne na haruffanmu masu ƙugiya. Abokan hulɗar sun ce bayanin kaya kada ya wuce haruffa 200, sai na yanke shi da substr, umarnin PHP na yanke rubutu. Daga nan fayil ya koma kamar mai aljanu, yau lafiya, gobe "Input is not proper UTF-8", jibi lafiya. Na zargi saba, na zargi rumbun bayanai, har na zargi mutanen can da cewa nasu ne ya lalace. Sai da na zauna na fitar da layin da ya karye na dube shi bayit-bayit. A UTF-8, tsarin da kwamfuta ke ajiye haruffa da shi, harafin a ko b bayit ɗaya ne, wato gurbi ɗaya na ajiya, amma ƙ, ɗ, ɓ da ƴ kowanne biyu ne. Shi kuwa substr bayit yake ƙirgawa, ba harafi ba. Wata mata ta rubuta dogon bayani kan man ƙuli, wuƙar ta faɗa daidai tsakiyar ƙ, rabi ya tafi rabi ya tsaya, kuma rabin harafi ba komai ba ne a UTF-8. Da da Turanci zalla mutane ke rubutu, da sai in shekara ban ga wannan ba. Maganin mb_substr ne, mai ƙirga harafi ba bayit ba, kalma ɗaya, bayan kwana huɗu ina lalube. Abin ya ɗan ba ni haushi, don misalan da muka koya da su a aji babu ko ɗaya mai ƙ a ciki, mu kuma ba mu taɓa tunanin sakawa ba.

Akwai kuma waɗanda ido ba ya gani. Wani ya kwafo rubutu daga Word, ya taho da harafin umarni mai lamba 11. XML 1.0 bai yarda da komai ƙasa da 32 ba sai uku: 9, 10 da 13. Sauran ko ka canja musu kama ba su shiga, dole a tace su a zubar. Wata rana kuma layi ɗaya fanko da wani ya bari a ƙarshen wani fayil na PHP, bayan alamar rufewa, ya rigayi <?xml fita, alhali wannan shelar dole ita ce farkon abin da ke cikin takarda. Tun ranar na daina rufe fayilolin PHP da ?>.

Da kaya suka yi yawa, DOMDocument ya fara shaƙewa, domin yana gina dukan takardar a ƙwaƙwalwa kafin ya saki ko layi ɗaya, iyakar da aka ba mu kuma megabayit 128 ce. Muka koma XMLWriter, mai rubutawa yana saki. Sai dai saki kai tsaye yana da nasa illar. Da ka fara turawa, lambar 200 mai cewa komai daidai ta riga ta tafi, in rumbun bayanai ya katse a tsakiya sai mai karɓa ya samu rabin takarda da shaidar lafiya a goshinta. Yanzu a gefe muke rubuta fayil ɗin, xmllint, manhajar tantance XML, ya duba shi, in ya wuce sannan a ɗora shi a gurbin na jiya. In bai wuce ba na jiya ya ci gaba da aiki, ni kuma saƙo ya same ni a waya.

"Kaya 1" da 'yan'uwansa na goge su. Jerin gwajina yanzu yana da ƙwai, ɗanwake, ɓawon gyaɗa, suna mai apostirofi, bayani mai ]]>, da wani da na tsara musamman don ƙ ta faɗo a bayit na 200. A layin farko kuma sunan shagon nan ne mai "& Sons". Mai shi bai taɓa sanin abin da ya jawo ba, makon jiya ma na ga ya ƙara atamfofi.