Ku Ninke Takarda Kafin Ku Kunna Kwamfuta

Ƙannena masu shiga aikin koyarwa, bari in ba ku labarin kurakuran da na tafka shekarar da na fara koya wa ɗalibai tsara ƙasida mai ninki uku, irin wadda ake rabawa don wayar da kai ko don jan ra'ayin mutum.

Ranar farko na kwashe su sai ɗakin kwamfuta, na ce kowa ya buɗe manhajar Word ko ta Canva ya zaɓi tsarin da ya kwanta masa a rai. Mako biyu suka shafe suna sauya launi da salon rubutu, ni kuma ina ta yaba musu, don a fuskar kwamfuta komai ya yi kyau. Da muka buga muka ninke, sai bangon gaba ya shige ciki, shafin adireshi ya fito fili. Wata ɗaliba ta riƙe tata tana jujjuyawa, ta ce, "Malam, to ina farkon?" Laifina ne. Ban taɓa nuna musu cewa a fuskar waje ta takardar, shafin dama shi ne bango, na tsakiya shi ne baya, na hagu kuma shi ne wanda ake naɗewa ciki ba.

Yanzu farar takarda A4 da fensir nake fara miƙa wa kowa. Su kwantar da ita, su ninke uku, su rubuta 1 zuwa 6 a shafukan bisa yadda mai karatu zai riƙa buɗewa, sannan su warware su ga inda kowace lamba ta faɗa. A nan nake nuna musu cewa tsawon A4 milimita 297 ne, kuma ba a raba shi daidai wa daida: shafi biyu milimita 100 kowanne, wanda zai shiga ciki 97. In ba a rage masa ba, takardar ba za ta kwanta ba, sai ta riƙa tasowa.

Kuskure na biyu ya fi damuna har yau. Ban tambaye su don wa suke rubutun ba. Wani yaro mai ƙwazo ya yi tasa a kan wanke hannu, ya cika shafi shida maƙil da bayanin ƙwayoyin cuta, da rubutu ƙanana sai an matso da ido. Na ba shi maki mai yawa, don na ga ya sha wahalar bincike. Daga baya na miƙa wa wani da ba ɗan ajin ba. Ya duba bango, ya leƙa ciki, ya ajiye, ya ce bai gane abin da ake so ya yi ba. Maganar da ta fi kowace muhimmanci, wato a wanke hannu da sabulu na aƙalla daƙiƙa 20, tana can ƙasan shafi na biyar. Ni na cuci yaron nan, domin makin da na ba shi ya koya masa cewa yawan rubutu shi ne aiki.

Shi ya sa nake roƙonku, kada ɗalibi ya taɓa linzamin kwamfuta sai ya rubuta jimla ɗaya: wanda zai karanta, da abin da ake so ya sani ko ya aikata. Ƙasidar wayar da kai tana amsa tambayoyin mai karatu, mene ne, yaushe, a ina. Ta jan ra'ayi kuwa abu ɗaya take nema, kuma tun daga bango ya kamata a ji shi. Girman rubutun ciki kada ya gaza lamba 10 a ma'aunin haruffa na kwamfuta, salon haruffa biyu ya isa, a bar wa ido sarari.

Batun bugu ma ku faɗa musu da wuri. Kwamfuta da hasken RGB (ja, kore da shuɗi) take nuna launi, injin bugu da tawada kala huɗu da ake kira CMYK yake aiki, don haka shuɗi mai ƙyalli yakan fito a dushe. Hoton da aka tsinta a intanet sau da yawa bai kai dpi 300 ba, wato ɗigo 300 a kowane inci, sai ya fito dishi-dishi, ga shi kuma yana da mai shi.

Kafin in ba da maki yanzu, nakan sa ɗaliban wani aji su karɓi ƙasidun su duba na ɗan lokaci, su rufe, kowa ya faɗi abin da ya fahimta. Mai ƙasidar yana tsaye yana saurare, ba shi da izinin yin bayani, sai dai ya rubuta abin da ya ji ya koma ya gyara.