Satifiket ga 'yan lambu, ni dai ina goyon baya

Duk wanda ya san noman rani a Kadawa ko Kura bai manta da 2016 ba, shekarar da tsutsar nan Tuta absoluta, wadda manoma ke ce wa sharon, ta cinye tumatir har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci. Mutane sun yi ta feshi safe da yamma, a haɗa magani biyu uku a tanki ɗaya, tsutsa kuwa tana cikin ganye ta yi rami ko a jikinta, ga kuɗi sun tafi ga guba a kan abin da za mu zuba a miya.

Shi ya sa maganar ba wa 'yan lambu takardar shaida, wadda ke nuna sun bi ƙa'idojin noma mai kyau, ta kwanta min a rai. Tsari irin na GlobalG.A.P., wanda manyan kantunan Turai suka faro a 1997, ba ya hana feshi fa, cewa yake ka fara zagaya gonarka ka ɗaga ganye ka duba, ka kafa tarkon da ke janyo mazan ƙwaron da ƙamshi, ka cire ganyen da ya kamu ka binne, ka sauya shuka kar kullum tumatir bayan tumatir, ruwan darbejiya ma yana da wurinsa, sai abin ya gagara sannan ka ɗauko magani mai rajista. Kuma in ka fesa ka rubuta rana da sunan maganin, ka jira kwanakin da aka rubuta jikin kwalba kafin ka ɗiba. Wannan jiran wallahi shi ne ya fi damuna, don sau nawa ake feshi yau gobe kwando na hanyar kasuwar Yankaba.

Mun ga abin da ya faru da wake a 2015, Tarayyar Turai ta hana shigar da namu saboda ragowar maganin ƙwari mai suna dichlorvos. To su sun ƙi, mu kuma muka ci gaba da ci.

Matsalar dai kuɗi ne, mai kadada ɗaya ba zai iya biyan masu binciken gona da ke ba da shaidar shi kaɗai ba. Amma ai tsarin ya yarda da shaidar ƙungiya, haka ƙananan manoman koren wake na Kenya da yawa suke yi, su haɗu ƙarƙashin satifiket guda. Mu ma muna da ƙungiyoyin masu ban ruwa, a fara da su, malaman gona su riƙa duba littafin feshi. Sai kuma otal-otal da manyan kantunan Kano da Abuja su yarda su ƙara wani abu a kan kwandon mai shaida, in ba haka ba dillali zai saye shi farashi ɗaya da na kowa, manomin kuma baɗi ya ajiye littafin.