Nakiyar da Ba a Ci

Ranar da na gaya wa Inna cewa na samu aikin nakiya a Maiduguri, dariya ta yi har da riƙe ciki. "Kai ɗan nan, namiji da dakan nakiya? Garar wa za a kai?" Ita nakiyar shinkafa da zuma ta sani. Da na ce mata wannan a ƙasa ake binne ta, wanda ya taka kuma sai dai wani ba shi ba, sai ta yi shiru, can ta ce, "Allah shi tsare."

Shekara uku na yi da wata ƙungiyar agaji a Borno. Mu ba ma tono. Kwance bam a yankin aikin sojoji ne da 'yan sanda. Namu shi ne shiga sansanonin 'yan gudun hijira da ƙauyukan da ake mayar da mutane, mu baje hotuna, mu maimaita magana ɗaya: kada ka taɓa, kada ka matsa kusa, ka koma ta sawun da ka biyo, ka gaya wa manya.

Da girman kan ɗan boko na je, ina ɗauka rashin sani ne ke kashe mutane. Wani dattijo ne ya sauke ni. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Malam, duk na ji. To in ban je gonar ba, kai za ka ciyar da su?" Ya fi ni sanin inda abin yake. Haka ma yaran da ke tsintar ƙarafa su kai wa masu saye a kilo, da matan da ke shiga daji neman itace. Yunwa ce ke tura su, kuma ba ta jin wa'azi. Daga nan na daina cewa "kada ku je", na koma tambayar wace hanya suke bi, mu zauna tare mu duba wadda ta fi dama-dama.

Sai dai darasin da ya fi tsaya mini a rai a ofis na koye shi, wajen mai lissafin kuɗi. Kusan duk abin da muke taɓawa, daga man mota zuwa ladan tafintan da ke juya maganata zuwa Kanuri, daga aljihun gwamnatocin waje yake fitowa, kuma yawanci na shekara ɗaya ake bayarwa. Da wata na tara ya kama, hankalin kowa ya bar ƙauye ya koma kan takardar neman sabon tallafi. Ita kuwa nakiya ba ruwanta da kalandar kowa. Ƙasar Laos ta sha ruwan bama-baman Amurka, sama da tan miliyan 2, tsakanin 1964 da 1973, kuma har gobe manoma na tono waɗanda ba su fashe ba. Mozambik sai a 2015 ta ayyana cewa ta gama share nata, bayan aikin fiye da shekara 20. An daɗe ana faɗin cewa ana iya ƙera nakiya da dala 3, amma cire ta kan ci dala 300 zuwa 1,000.

Ba wai kuɗin babu ba ne. Rahoton Landmine Monitor, wanda ke bibiyar lamarin nakiyoyi a duniya kowace shekara, ya nuna cewa a 2023 abin da aka zuba a wannan aiki a duniya ya haura dala biliyan 1, karon farko, Yukiren kuma ita ta kwashi kaso mafi tsoka. A wannan shekarar mutum 5,757 nakiyoyi da ragowar makaman yaƙi suka kashe ko suka raunata, galibinsu fararen hula. Ban ji haushin 'yan Yukiren ba, gonakinsu ma sun cika. Na dai gane cewa kuɗin yana bin inda idon mai bayarwa yake kallo.

A 2023 Amurka ce ta fi kowa bayarwa, alhali ba ta shiga yarjejeniyar Ottawa ta 1997 da ta haramta nakiyoyin da ake ɗana wa mutane ba. A watan Janairun 2025 gwamnatin Trump ta dakatar da tallafin ƙasashen waje na kwana 90, sai ga masu share filaye a Laos da Kambodiya da Biyetnam sun ajiye kayan aiki. Mu ma guguwar ta iso mu. Abokan aikina da aka ɓata shekaru ana horarwa, wani ya koma tuƙa Keke NAPEP, wata ta koma sayar da atamfa. Ko da kuɗin ya dawo gobe, sai an sake horar da wasu daga farko, sannan a sake neman yardar bulamomin da muka sha wuya kafin su buɗe mana ƙofa.

Da na gama zagin Turawa a zuciyata, sai na tuna zomo ba ya fushi da makashinsa, sai maratayinsa. Najeriya ta shiga yarjejeniyar nan tun 2001, nauyin share ƙasarta kuma a wuyanta yake. Yaƙin basasa ya ƙare a 1970, amma sai a 2017, a gaban kotun ECOWAS, gwamnati ta amince ta biya diyya ta kuma kwashe ragowar bama-baman yaƙin. Wanda bai sa ko sisi a tukunya ba, da wane baki zai yi ƙorafin miya ta tsinke?

Na dawo Sakkwato ina zaton na baro maganar a gabas. Ashe ta riga ni kama hanya: tun a Disamban 2024 abin fashewa ya tashi da matafiya a hanyar Ɗansadau a Zamfara, ga kuma labarin Lakurawa a Tangaza da Gudu. Makon jiya wani maƙwabcinmu da ke jigilar fasinja zuwa ƙauyukan can ya same ni a ƙofar gida bayan la'asar.

"Malam, an ce kai ka san abin nan. Ya ake gane shi a hanya?"

Na shiga ɗaki na zaro hotunan daga ƙasan akwati, tambarin mai ba da tallafin yana nan a jikinsu. Muka shimfiɗa su kan tabarma. Kafin a kira magariba yaran unguwa sun kewaye mu, Inna kuma tana leƙowa daga zaure.