Gidan da na saya da rani

Daga shagon tayil na shigo harkar gidaje. Shekara tara ina sayar da tayil da kayan banɗaki a kasuwar Ƙofar Ruwa da ke Kano, ina ganin masu zuwa su kwashi kaya, bayan wata huɗu ko biyar su dawo da labarin sun gyara gida sun sayar. A ƙarshen 2022 na sayar da wani fili da na daɗe da ajiyewa a wajen Danbare, na haɗa da abin da ke hannuna, na ce ni ma da ni za a yi.

A watan Janairun 2023, ana tsakiyar hunturu, wani dillali ya kai ni wani lungu a Ɗorayi. Tsohon ginin bulo ne, soro da ɗaki uku da rijiya a tsakar gida. Daga ƙofa sai ka sauka taki biyu kafin ka taka tsakar gidan, kuma an shafa wa bango sabon fenti daga ƙasa zuwa ƙugu. Duk na gani da idona, amma lissafin da ke kaina na kwalin tayil nawa falon zai ci ne. Na yi tayi, aka ce albarka, na ƙara, aka sallama a miliyan tara.

Gidan gado ne, magada bakwai, babban wansu ke magana da yawunsu. Kawuna, wanda ya daɗe yana aikin kotu kafin ya yi ritaya, shi ya riƙe mini hannu. Ya ce, “Ɗana, ko kafin alƙalami kada ka bayar sai ka ga kowane magaji da idonka, ko ka ga takardar rabon gado daga gaban alƙali.” Ashe akwai ƙanwarsu da ke aure a Kaduna, ba ta ma san an sa gidan a kasuwa ba. Mako biyar muka yi muna jira har ta zo ta sa hannu a gaban mai unguwa da shaidu. Dillalin ya yi ta ƙorafin zan rasa gidan. Na sha ganin wanda ya biya kuɗinsa cif, shekaru na tafiya yana zaryar kotu saboda magaji ɗaya da aka tsallake.

Takardar da ke kan gidan ta ciniki ce kawai, irin ta awon igiya, babu shaidar mallaka ta gwamnati. Tun dokar filaye ta 1978 ƙasar birni a hannun gwamna take, shi ke ba da shaidar mallaka, kuma sauya sunan mai ita sai da amincewarsa. Gidan da ba shi da ita yana sayuwa, sai dai mai sayen da zai nemi rancen banki ba zai kalle shi ba, farashinsa ma ba ɗaya ba ne. Yanzu duk gidan da aka ce mini yana da takarda, sai lauyana ya je KANGIS, hukumar da ke riƙe da bayanan filaye ta jihar Kano, ya bincika fayil ɗin kafin mu zauna ciniki.

Mun fara aiki daidai lokacin da canjin kuɗi ya sa takardar naira ta yi wuya. Lebura kuwa da yamma kuɗinsa yake so a tafin hannu, don da shi zai yi cefane. Kwanaki da yawa aikin ya tsaya saboda haka.

Maginin da na ɗauka dattijo ne, Baba muke ce masa. Ranar da ya fara zuwa bai kalli rufi ba. Ya sa bakin cokalin gini ya kankare sabon fentin nan, filastar ta zubo kamar gari, ya damƙa ya shinshina. Sannan ya zura guga a rijiya, igiyar ba ta kai gaba biyu ba ya ji ruwa, a watan Fabrairu. Ya goge hannu a rigarsa ya ce, “Alhaji, gidan nan a bakin tsohon kududdufi yake. Cike shi aka yi.” Wanda ya tashi a Kano ya san yadda kududdufan da aka haƙi ƙasar gini a cikinsu suka koma juji, daga baya aka yanka su filaye. Ruwa kuwa ba ya manta hanyarsa. Na ji maganar Baba, amma raina bai so ya yarda ba, na ce a ci gaba da silin da wayarin.

A watan Agusta aka yi ruwan dare. Da asuba na je na tarar da ruwa har ƙauri a tsakar gida, buhun siminti goma sha biyu da na jingine a ɗaki sun daskare sun zama dutse, sokawe ta cika tana dawowa. Na tsaya a bakin soro, takalmi a hannu, na ma rasa abin da zan ce.

Dillalin ya zo da shawararsa. “Alhaji, kada ka tayar da hankalinka. Kai da kake da tayil? A manna shi a bango har ƙugu, a yi fenti, mu bari sai rani mu sayar.” Wato in yi wa wani abin da aka yi mini. Ba zan ɓoye ba, na kwana biyu ina juya maganar, don kuɗina sun kusa ƙarewa, ga cire tallafin mai na ranar 29 ga Mayu ya sa tifar yashi da kuɗin dako sun tashi. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne hadisin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya cusa hannu cikin tsibin abincin wani mai sayarwa ya ji danshi, mutumin ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi, ya tambaye shi me ya hana ya sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani. Nawa ma danshin ruwan sama ne.

Muka fasa daɓen gaba ɗaya. Aka yi ciko da jar ƙasa har tsakar gidan ya ɗara titi tsawo, aka shimfiɗa leda kafin a zuba kankare. Da ƙasa ta tashi sai ƙofofi suka gajarce, dole aka kwance kwano, aka ƙara layi uku na bulo, aka sake linta, na sayo sabon katako a Na'ibawa don gara ta cinye rabin tsohon. Silin ɗin da na yi gaggawar sawa duk ya tafi a banza. Na bi maƙwabta gida gida muka yi karo-karo, aka haƙa kwata daga lungun zuwa babbar magudana, ni na ɗauki kaso mafi tsoka.

Wani kuskuren nawa ne ni kaɗai: na zuba tayil mai tsada a falo, irin wanda ake sawa a gidajen masu hali na unguwar Nasarawa. Cikin masu zuwa dubawa babu wanda ya tambayi tayil. Tambayarsu ruwa, wuta, ko mota tana shiga lungun, da nisan masallaci da makaranta. Unguwa ce ke yanke wa gida kuɗinsa.

Na sayar a watan Maris na 2024, miliyan goma sha tara, ga wani malamin makaranta da ya karɓi kuɗin sallamarsa. Kafin ya yi tayi na buɗe wayata na nuna masa hotunan ruwan Agusta da na cikon da muka yi, na haɗa shi da Baba su yi magana ba na wurin. Gyara ya ci miliyan bakwai da ɗoriya, dillalai suka ɗauki la'adarsu ta biyar cikin ɗari. A takarda na ci riba. Amma buhun simintin da na fara saye ƙasa da dubu biyar ya haura dubu goma a lokacin, kuma da na koma neman gida irin wanda na saya, kuɗin hannuna da ƙyar suka kai. Wata goma sha uku na aiki, kusan uwar kuɗina kawai na tsira da ita.

Gidaje biyu na ƙara juyawa bayan wannan, kuma kowanne Baba ne ya fara shiga kafin ni. Yanzu haka akwai wani a Kurna da ake ta kirana a kansa tun watan Afrilu. Na ce wa dillalin ya ba ni zuwa Agusta. Duk daren da aka yi ruwa mai ƙarfi, ina idar da sallar asuba zan ɗauki Baba a mota mu je mu gani.